Sawun Ƙafar Hagu a Maƙabartar Garou

Ranar Asabar da hantsi Bukari mai haƙar kabari ya shigo Garou a guje, babu hula, yana salati. An tona maƙabarta. Ba ko'ina ba kuwa, sai gefen da ake binne jarirai, tsakanin ƙananan kaburbura huɗu na 'ya'yan Latifu mai fataucin albasa. Kafin a aika a kira Safiyanu mai bin sawu, rabin gari ya riga shi isa. Ni dai ban san abin da ke damun mutanenmu ba. A ce musu ga sawun mai laifi, sai su hau kansa su tsaya, suna tambayar ina yake.

Safiyanu ya zo a kan tsohon kekensa, bai yi sauri ba. Shekara arba'in ya yi yana bin shanun sata tsakanin Guéné da bakin gulbi, har 'yan duwan, ma'aikatan kwastan, sun sha ɗaukarsa ya nuna musu hanyar 'yan fasa-ƙwauri. Yana da wata ɗabi'a da ba ya faɗa wa kowa. In ya daɗe yana kallon sawu, sai ya ga mai sawun ya taso daga ƙasa, babu fuska, yana rawa-rawa cikin zafin rana, yana tafiya a gabansa.

"Ku ja baya, don Allah," ya ce. "Kun tattake mini rabin maganar."

Ta gefen gabas, inda shingen maƙabarta ke da ƙaya, ƙafafun gari ba su kai ba. A nan ya tsuguna. Ƙafar dama tana sauka daidai. Ta hagu kuwa yatsunta ke fara taɓa ƙasa, su ja layi, sannan tafin ya faɗo. A tsakiyar tafin akwai wata shaida a gicciye, kamar an ɗaure takalmin da wani abu. Bayan kowane taku ashirin, ga da'ira a kan rairayi, gindin wani mazubi da aka ajiye aka huta. Sawun ya hau kan na kekunan da suka tafi masallaci jiya, shanun da suka dawo da la'asar kuma suka hau kansa, suka shafe shi daga bakin hanya. Ke nan lokacin sallar Juma'a aka yi aikin, sa'ad da duk maza ke cikin sahu.

Ya matsa bakin ramin da aka mayar wa ƙasa. Wani wari ya daki hancinsa, mai yaji, har idonsa ya kawo ruwa. Ba warin gawa ba ne.

"Gurgu ne!" wani ya ce daga baya. "Ku dubi yadda shike jan ƙafa. Wa ke jan ƙafar hagu a garin ga in ba Mati ba?"

Latifu yana tsaye a bakin ramin. Daren jiya ya dawo daga Kwatano da motar albasa, ko gajiya bai sauke ba. Ya fizgi fartanyar Bukari zai tona ya ga abin da aka ɗebe daga jikin 'ya'yansa, Maigari ya riƙe masa hannu. Shi Maigarin ya riga ya yi wa jandarma, 'yan sandan Malanville, waya, sun ce kada a taɓa wurin, suna nan tafe bayan la'asar.

*

An ɗaure Mati a jikin tsamiyar ƙofar Maigari. Masunci ne daga ƙetaren gulbi, shekara tara yana zaune a bukka bayan gonakin shinkafa, ba mata, ba ɗa. Shan-inna ya taɓa ƙafarsa tun yana goye. Samari sun kewaye shi, wani ma ya jingine moto, wato babur, kusa, yana ta buɗe murfin tankin mai yana rufewa. Safiyanu ya ga haka, ya matso da sauri, don ya taɓa ganin inda irin wannan wasa ya ƙare.

"Mati, ina kake jiya da azahar?"

"Cikin jirgina, Baba. Na shiga inuwar ciyawa in jira kiran salla, barci ya sace ni. Na yi mahwarkin ruwa ya ɗauke, ina tahiya a ƙasan gulbi da ƙafa biyu lahiyayyu. Ko da nif farka, an sallame."

"Wa yag gan ka?"

"Tsuntsaye."

Samari suka tuntsure da dariya, dariyar da ba ta da daɗi. Safiyanu ya kama ƙafar Matin ya juya ta a hannunsa. Siririya ce, a karkace, gefenta ya yi kanta don a kansa take sauka. Wannan ƙafa ta san aikinta. Wadda ya gani a maƙabarta kuwa baƙuwa ce a gurguntaka, ƙafar dama tana ta miƙa dogon taku irin na da, tana mancewa, ta hagu tana sa ta tuntuɓe.

"Ranka shi daɗe, ba shi ba ne," ya ce wa Maigari. "Mati da sanda shike tahiya, ga shi kuma ba a ga ramin sanda ba ko ɗaya."

"To in ya aje sandar don ya ɓad da mu fa?" in ji Latifu. "Baba, idonka ya tsufa."

Maigari ya ja Safiyanu gefe, ya rage murya. "Ka ga yaran ga. In jandarma sunka makara, ba ni iya riƙe su. In sunka zo da wuri, sai gidan yarin Kandi, kuma ka san gurgu marar dangi ba shi dawowa da sauri. Ka kawo mini mai sawun kafin la'asar."

*

Mutum na biyu da ba a gani a masallaci ba shi ne Ɗan'iya mai magani, wanda ke shimfiɗa fatun dabbobi da saiwoyi ranar kasuwa. Ko'ina aka yi maganar sassan jikin mutum, sunansa ke fara zuwa bakin mata. Safiyanu ya same shi kwance a kan tabarma, ya rame a kwana ɗaya, butarsa kusa da kai.

"Wani sabon haɗi na gwada a kaina," ya ce cikin nishi. "Na wankin ciki. Wallahi ya yi aiki. Tun hantsin jiya ban yi nisa da bayan gida ba, tambayi maƙwabta, sun ji."

Safiyanu ya dubi ƙafafunsa. Kai, Allah ya yi halitta a nan, kowace ɗaya ta isa ta rufe bakin tulu. Ba su ba ne. Ya kwance ƙullin ƙasar da ya ɗebo daga bakin ramin, ya kai masa hanci. Ɗan'iya ya yi atishawa har sau uku.

"Wannan ba na daji ba ne. Ba ni da shi, ban san mai shi ba. Warin likita ne, je ka tambayi masu fararen riguna."

*

Rana ta take. Gonakin albasa suna ta rawa a ido, gulbi can nesa ya zama fari, ba ka bambance shi da sama. Safiyanu yana tuƙa keke, mai sawun nan marar fuska yana gabansa, yana tafiya yana ajiye kaya yana ɗauka. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne da'irar. Wajen shiga ake ganinta, wajen fita babu. Ɓarawo yakan shiga hannu sake ya fito da nauyi. Wannan da nauyi ya shiga, ya fito ba kome.

Majo Na'ima, ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauyen, ta shinshina ƙasar ta yamutsa fuska.

"Ruwan da aka tsoma nama ne don kada shi ruɓe. In anka yi wa mutum aiki anka cire wani abu, sai a sa a roba mai murfi, a ba dangi su kai kudu a auna. Rabi ba su kaiwa ma."

"To, Majo, mi ke kashe ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu, ga mutumin da jiya-jiya ke tahiya garau?"

Ta ajiye abin rubutunta. "Allura in ta sauka inda bai dace ba. Ko kuma aikin mata. Ana rataye ƙafafun mace a kan wasu ƙarafa. In aikin ya daɗe, ƙarfen ya danne jijiyar da ke gefen gwiwa, sai ta farka ta iske ƙafar ta saki, ba ta iya ɗaga yatsu. Ba kasafai ba ne. Shekarata sha bakwai a aikin ga, sau biyu na gani."

"Tana dawowa?"

"Sau da yawa. Wata uku, wata shida, in ana motsa ta. Wani lokaci kuma ba ta dawowa duka." Ta zuba masa ido. "Baba, wa kake nema?"

Safiyanu ya sunkuyar da kai. Yana tsaye ne kawai, yana jin kunyar kansa. Shekara arba'in yana karanta ƙasa, amma tun safe namiji yake nema, don a Garou mace ba ta shiga maƙabarta. Kowa ya san haka, shi ya sa ba wanda ya duba girman takalmin, har da shi. Nan take mai sawun da ke gabansa ya ɗaura zane.

Mace ɗaya ce a garin aka yi wa aiki a damina ko rani na bana. Kuma ita, kowa ya shaida, ko tashi ba ta iyawa.

*

Gidan Latifu shi ne na ƙarshe kafin hanyar shanu, maƙabarta na bayansa. Safiyanu ya yi sallama a matsayin mai gaida marar lafiya. Matar Latifu, Barakatu, ta dawo sati uku da suka wuce daga wani babban asibiti a kudu, an ce ƙari aka cire mata a ciki. Yayarta ce ke jinyarta, ita kuma tun Juma'a da safe ta tafi cin kasuwar Malanville.

A bakin ƙofar ɗaki ga takalmin soso. Na dama lafiya lau. Na hagu an zagaya shi da tsumman atamfa ta ƙarƙashi, an bar bakin zaren biyu na ɗaurewa a idon sawu, don ƙafar da ba ta riƙe takalmi. Gaban takalmin ya goge, ya cinye.

Ya daɗe yana kallonsa. Da ma bai gani ba.

"Shigo, Baba," ta ce daga ciki. "Tun ɗazu nike jin ƙarar kekenka yana zagaye gari."

Tana zaune a bakin gado, ta rufe ƙafafunta da zane. Ba ta kai arba'in ba, amma jinya ta tsotse ta. Haske na shigowa ta ɓular kwanon rufi, ƙura na yawo a cikinsa a hankali.

"Ɗiyata, mi kinka kai wa yaranki a maƙabarta?"

Ta kawar da kai daga gare shi. Sannan ta fara magana, tana kallon bango. Likita ya ce ƙari ne, za a cire. Da aka buɗe, jini ya ƙi tsayawa, aka yi awa huɗu a kanta, dole aka cire mahaifar gaba ɗaya. Yayarta ta sa hannu, su biyu kaɗai suka sani. Da ta farka, ƙafar hagu ta ƙi amsa mata. Suka miƙo mata roba mai murfi, wai a kai wani gari a yayyanka a duba.

"Na ɓoye ta cikin kayana, na sa ƙarƙashin gadon ga. Sati uku, Baba. Kullum na rufe ido sai in gan su su huɗu, suna zagaye gadon, suna neman wurin kwanciya. Sai nac ce a raina, ai dole ƙafa ta mutu. Wani sashe na jikina yana cikin roba, ba shi raye, ba a binne shi ba. In na mai da shi ƙasa kusa da su, su samu su kwanta, ni ma ƙafata ta sake ni."

"Majo ta ce ƙarfen gadon aiki ne ya danne jijiya. Ta ce tana iya dawowa."

"Ko?" Ta ɗan taɓa gwiwarta. Ba ta yi kama da wadda ta yarda ba, ba ta kuma musa ba.

"Shi maigidan bai sani ba?"

"Yana hanya anka yi aikin. Ko daren jiya da ya shigo, cewa ya yi in na warke mu je wurin wani malami a Madécali, wai yana da sa'a kan haihuwar da ba ta tsayawa. Yana murna, Baba. Da wane baki zan faɗa mishi?" Ta kama gefen rigarsa. "Ka rufa mini asiri, don girman Allah."

"An ɗaure Mati a tsamiya saboda sawunki."

Hannunta ya saki rigar. Ba wanda ya gaya mata. An ce marar lafiya ce, kuma uwar yaran, kada a tayar mata da hankali.

"Ba ni faɗin sunanki," Safiyanu ya ce, ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. "Ban taɓa tona mace ba. Amma ban san ko bakina kaɗai zai ishe shi ba."

*

Bayan la'asar jandarma ba su iso ba. Aka ce motarsu ta tsaya a hanya. Gari ya taru a ƙofar Maigari, moto ɗin nan kuma ya ƙara matsowa kusa da tsamiya.

Safiyanu ya karɓi tsintsiya ya share fili mai faɗin tabarma huɗu, ya yayyafa ruwa kaɗan. Ya sa Bukari mai haƙar kabari ya taka, ya wuce. Ya sa Ɗan'iya ya taka, yana riƙe da ciki. Aka kwance ƙafafun Mati, hannunsa na ɗaure, ya bi da tsalle da jan gefe, ba sanda. Sannan Safiyanu ya tsuguna ya zana musu da yatsa irin sawun maƙabarta a gefe: layi, tafi, shaida a gicciye.

"Ku duba da idonku. Ba ɗaya cikinsu. Kuma ba a ɗauki kome ba a wurin can. Ajiya anka yi, ba sata ba. Ba a taɓa ɗan kowa ba."

"Wa ya yi ajiyar?" in ji Maigari.

"Na sani. Ba ni faɗi."

Wuri ya kaure. An saye tsoho! Gurgu ya canza tafiya! Ajiya ai ta fi sata muni, asiri ke nan aka binne wa Latifu don kada ya ga ɗa a duniya! Latifu da kansa ya ɗauko fartanya, idonsa jajur. Ya ce shi zai je ya tono abin yanzu, in ya dawo da shi a hannu, to Mati ya yi ta kansa. Safiyanu ya tsaya tsakanin samari da tsamiya, ya ware hannu, tsoho ɗaya tak. Tsoro ya kama shi sosai, don ya ga maganarsa ta ƙare, ba ta riƙe kowa ba.

Daga bayan taron, wajen da mata ke tsaye, hayaniya ta fara mutuwa. Shirun ya taho gaba sannu-sannu, mutane na darewa. Sai ga wani sauti, shuu, ɗas, shuu, ɗas.

Barakatu ce, lulluɓe da mayafi, gumi ya jiƙa mata fuska. Ba ta dubi kowa ba. Ta shiga filin da aka share, ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu tana tangaɗi. Ta bar layi, tafi, da shaida a gicciye, daidai kusa da zanen Safiyanu. Ba wanda ya buƙaci mai bin sawu ya karanta masa.

Ta tsaya gaban mijinta. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma a shirun nan har na bayan-baya ya ji.

"Ni ce. Mahaifata ce, sun cire ta. Ba ni ƙara haihuwa. Na kai ta kusa da yaranmu."

Latifu ya dubi fartanyar da ke hannunsa, ya dubi ƙafarta. Yatsun sun goge, jini ya bushe a kansu.

"Da wannan ƙafar kinka je? Ke kaɗai kinka tona?" Hawaye suka zubo masa a gaban maza, bai share ba. "Huɗun nan ni na sa su ƙasa da hannuna. Wannan ma ai ni ya kamata. Mi ya hana ki jira ni?"

Ta rufe fuska da mayafi. Mata suka taso suka kewaye ta. Mai moto ya tura abinsa ya sulale, ko tayar da shi bai yi ba.

Maigari da kansa ya kwance Mati. Igiya ta ci masa wuyan hannu. Aka miƙo masa sandarsa, aka fara 'yan maganganun nan na "ka yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne", kowa na kallon ƙasa. Mati ya ratsa ta cikinsu. Ya dogara ya nufi inda Barakatu take, mata suka buɗa masa.

"Malam Mati, ka yafe mini," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

"Ke ba ki ɗaure ni ba." Ya nuna ƙafarta da bakin sanda. "Kina wahal da kanki. Kada ki roƙi yatsun, ba su ji. Daga gwiwa za ki ɗaga, sama, kamar mai hawa matakala, sannan ki aje. Gwada in gani."

Ta gwada. Ƙafar ta tashi, ta sauka, ba ta ja ƙasa ba.

"Yawwa. Haka."

Ya juya ya bi hanyar gonakin shinkafa. Safiyanu ya ba shi tazara, sannan ya bi sawunsa, don yana so ya ce masa wani abu, bai ma san ko mene ne ba. Sawun ya shiga bukka, ya fito da nauyi: taru, tukunya, tabarma a naɗe. Ya gangara bakin ruwa, ya tsaya inda ake ɗaure jirgi. Turken na nan, igiyar babu.

Can tsakiyar gulbi, cikin hasken yamma, wani ɗan baƙin abu yana ƙanƙancewa wajen ƙetare. Safiyanu ya kira sunansa sau biyu. Ya zauna a kan rairayi har aka kira magariba, amma jirgin bai juyo ba.